Ɗumin Injin Tsohuwa

Zuwa ga ɗiyata ta garin sanyi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu da aiki suna tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ke riga ladan tashina, da kunnen hagu da ya yi murabus bai sanar da ni ba. Shi ya sa ban kira ki a waya ba. Ga kuma 'yata Malama, wadda da an ɗaga waya a gidan nan sai ta tuna akwai shara a bakin ƙofata. An ce zumunci a ƙafa yake, to namu ni da ke sai ya zauna a ambulan. Kakana da kakan babanki ne suka fito ciki ɗaya, amma ni da marigayi babanki a maɗaba'a ɗaya muka yi furfura, ina jera baƙaƙe yana ɗinkin littafi, don haka ban taɓa ganinki da nisa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Tsohuwa, babur ɗina. Kin san ta, mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa. Tun da sanyi ya shigo bana take shan mai kamar an huda ta. Man da ke kai ni mako yanzu da ƙyar yake ganin tsakiyarsa. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashinta ta kwana, ban ga ko ɗigo ba. Mitar da ke ƙirga tafiya ta mutu tun tuni, sai dai in tsoma sanda a tanki in duba. Ni kuwa ba inda nake zuwa sai kasuwa, da asibiti karɓar magani, da majalisarmu ta tsofaffi.

Malama ta ga ina yawan zuwa gidan mai, sai ta zaunar da ni kamar ɗan ajinta. Ta ce, "Baba, anya ba fita kake yi ka manta ba? Ka tuna fa yadda Gwaggo ta fara." Gwaggon nan yayata ce, ba ki san ta ba. Ita ce ta fita sayen allura aka tsinto ta a tashar jirgi tana jiran mijin da aka binne da daɗewa. Na ce da Malama ni mutum ne da ya yi rayuwarsa yana karanta rubutu a juye, waƙafi bai taɓa ɓace mini ba. Ta ce ita dai in ba a gano inda man ke tafiya ba, za ta karɓe makulli. Jiya ta karɓe.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ni kuwa da idona na ga na yayata ya ƙone. In babu Tsohuwa, ni da kujerar tsakar gida ba mu da bambanci.

Ke kina kai magunguna gida-gida a kan irin wannan babur, a garin da aka ce ruwa na daskarewa a famfo. Ki faɗa mini tsakani da Allah, sanyi yana cin mai? Lafiyar inji dai ƙalau take, domin wata safiyar ma da ɗuminta nake tarar da ita, bugu ɗaya ta tashi, kamar wani ya riga ni tashinta.

Naki,
Baffa

*

Zuwa ga Baffana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Na samu takardarka, na karanta ta a tsaye a ƙofar kantin magani, ina dariya ni kaɗai har mai kantin ya leƙo. Ina lafiya, sai mura da ta ɗauke ni haya tun farkon sanyi. Allah ya sawwaƙe gwiwa, kunnen hagu kuma a ba shi haƙƙinsa na sallama, ya yi aiki.

Baffa, sanyi yana cin mai, ci kuwa ba na wasa ba. Ni ma nan haka nake fama. Inji mai sanyi ba ya ƙona mai da kyau, sai an ba shi fiye da ƙima kafin ya tashi, kuma haka zai yi ta zuƙa har jikinsa ya ɗau zafi. Baƙin mai kuma yana yin kauri, sai injin ya riƙa juyawa da ƙyar kamar mai tafiya cikin laka. Iskar taya tana raguwa in gari ya yi sanyi, taya mai laushi kuwa jan babur take yi baya. Babbar matsalar ita ce gajeren zango. Daga gida zuwa kasuwa inji bai gama ɗumi ba ka kashe shi, in ka fito ya huce, a sake sabon lale. Sannan na san halinka, za ka ja cok, abin nan da ke ƙara wa inji mai, ka bar ta tana ta ƙugi a tsakar gida kana shan shayi, wai kana ɗumama ta. Duk mai ne ke ƙonewa a tsaye.

Ga abin da za ka yi. A duba iskar taya duk mako. A zuba baƙin mai mara kauri. Ɗumamawa kaɗan ta isa, ka hau ka tafi a hankali, ka mayar da cok da zarar ta daidaita. Ka haɗa kasuwa da asibiti a fita ɗaya. In akwai wuri a zaure, ta riƙa kwana a ciki.

Ragin da sanyi ke yi ba ya kai rabin tanki a wurina, amma tawa sabuwa ce, taka kuwa ta girme ni. Idan dai wannan ne kaɗai abin da aka gani, to ba mantuwa ba ce. Ka nuna wa Yaya Malama wannan takarda, ka ce ƙanwarta tana gaishe ta, tana kuma roƙon a yi wa tsoho sassauci.

Ina kewar Tsohuwa. Ita ce fa ke kai babana aiki duk lokacin sanyi, in karayar ƙafarsa ta motsa ya kasa takawa. Ka shafa mini kanta.

Ɗiyarka

*

Zuwa ga ɗiyata, lauyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata mura ta tashi daga hayar. Gwiwa tana nan da halinta.

Kin ci shari'a. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda kika ce ba mantuwa ba ce, na ajiye wa Malama a kan littattafan da take makin. Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "To Baba, Allah ya sa haka ne." Ta miƙo makulli. Na sa masa igiya na rataye a wuya, da shi nake kwana, da shi nake wanka. Ranar har majalisa na je na yi musu lacca a kan baƙin mai, wani tsohon direba a cikinmu yana ta gyaɗa kai kamar ya sani tun da.

Na yi duk abin da kika ce. An ƙara iska, an canja mai, na daina shan shayi a kan ƙuginta. Zaure ne dai bai samu ba, kujerun makarantar Malama sun cika shi. An samu sauƙi kaɗan, amma sanda tana nuna mini man yana tafiya har yanzu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ke ma don kina nesa ne. Shekaranjiya na fito da hantsi, gari ya yi sanyin da har haƙori ke amsawa. Raɓa ta kwanta a kan komai na tsakar gida, bokiti da igiyar shanya da murfin randa. Sirdin Tsohuwa kaɗai ne a bushe. Na ɗora tafin hannu a kan injin, sai na ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ƙofar gida a rufe da sakata. Makulli yana wuyana. Na tsaya ina kallonta tana kallona.

Jiya ma haka. Na kuma lura an sauke matakan ƙafa na baya, waɗanda fasinja ke ɗora ƙafa a kai. Ni kuwa tun da aka yi rasuwar babanki ban goya kowa ba, a naɗe suke har sun yi tsatsa.

Ni ba mutumin camfi ba ne, kin sani. Na jera littattafan kimiyya da hannuna, ko da ban gane rabinsu ba. Amma kwanan nan babanki yana yawan faɗo mini a rai, har nakan ji nauyin hannunsa a kafaɗata ta dama, inda yake riƙewa in za mu sha kwana. Na yi masa addu'a, na yi sadaka. Ki duba mini a cikin iliminki, ko inji yana iya riƙe zafin jiya har wayewar gari. In yana iyawa, sai in samu barci.

Kada ki faɗa wa Malama.

Baffa

*

Zuwa ga ƙanwata,

Sallama. Ina fata kina lafiya. Mu nan da sauƙi, ban ce lafiya lau ba. Ni ce Malama. Ba mu saba rubuta wa juna ba, amma Baba ya ce ya aiko miki takarda tun tuni bai ji amsa ba, kullum sai ya aike ni duba akwatin gidan waya. Ko kin canja gida ne? Na samu wannan adireshin na kantin maganinku a jikin ambulan ɗinki.

Da farko na ji haushinki, ba zan yi miki ƙarya ba. Kina can kin rubuto takarda, ya ja layi a rabin jimla ya kashe bakina da ita. Na ga "idan" ɗin da kika sa a gaba, shi ne bai gani ba, ni kuma na yi kamar ban gani ba, don na fi kowa son a ce sanyi ne.

Makon jiya wata mata ta zo har makaranta nemana. Tela ce, ita ke zaune a tsohon gidanku. Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, tsohon nan mai babur mahaifinki ne? Tun da sanyi ya shigo, kullum gari na fara haske sai ya tsaya a ƙofata ya danna hon sau biyu. Ya sauke matakan baya, ya zauna inji na aiki, yana kallon ƙofa. Ran nan na fita na ce, Baba lafiya? Ya ce, ki ce masa ya yi sauri, za a rufe mana ƙofa. Ni na rasa wa zan ce wa." Ta ce da fari ta ɗauka ba mutum ba ne, har ta daina buɗe taga.

Washegari na ƙi komawa barci bayan salla. Ina ji ya zare sakata, ya tura babur waje bai tayar ba sai da ya kai bakin titi, kamar yadda yake yi muna yara don kada ya tashe mu. Na bi shi a motar haya. Na same shi yadda ta faɗa, cikin sanyin nan ba ko hula. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗan karkata babur ɗin gefe, irin yadda ake yi wa mai ciwon ƙafa ya hau, ya ja. Ya bi ta babban titi har inda maɗaba'ar take a da, yanzu wurin sayar da tayoyi ne. Ya tsaya, ya juyo gida, ya sa sakata, ya kwanta. Da hantsi ya fito yana taɓa inji, fuskarsa duk tsoro.

A mahaɗar babban titi wata motar kaya ta kusa ɗauke shi, ina kallo. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar birkinta.

Na faɗa masa, ya ce ƙage nake yi masa don in raba shi da abinsa. In na fizge makullin daga wuyansa, ba zai yafe mini ba har ya koma ga Allah, kuma ni ce zan zauna da shi. Takarda kaɗai yake yarda da ita. Ke kika ba shi makullin nan, ke za ki karɓa. Kafin nan ina kwana a zaure a kan kujerun makaranta.

Yayarki

*

Zuwa ga Baffana,

Amincin Allah a gare ka. Ina lafiya, mura ta tafi. Ka gafarce ni da jinkiri. Na tashi daga tsohon ɗakina, takardarka ta zauna a can cikin akwati, sai jiya na karɓo ta. Rana ɗaya na karanta ta da ta Yaya Malama. Ban faɗa mata komai ba, ita ce ta faɗa mini.

Ka tambaye ni ko inji yana riƙe zafin jiya har safe. Baffa, ba ya riƙewa. A sanyi irin wanda ka kwatanta, kafin a gama karin kumallo ya huce. In ka taɓa ka ji ɗumi, to ba a daɗe da sauka daga kansa ba. Ka faɗa mini wannan tun a takardarka ta farko, na ɗauka kirari kake yi wa Tsohuwa, na yi dariya na wuce.

Duk abin da na ce game da sanyi gaskiya ne, amma sanyi ɗan kaɗan yake ci. Sauran man a ƙofar gidanmu yake ƙonewa.

Na san wannan hon ɗin, Baffa. Sau biyu, na biyun ya fi gajarta. Ina cikin bargo nake jin sa, in ji babana yana neman sandarsa yana cewa, "Wannan mutum da gaggawa yake, sai ka ce shi ya gina maɗaba'ar." Kai kuma ba ka kashe inji, don in ta huce ba ta tashi da mutum biyu. Duk shekara haka, daga shigowar sanyi har fitarsa, ba wanda ya roƙe ka. Da na karanta takardar Yaya sai na zauna a matakalar kanti na yi kuka, don ban san akwai wanda har yanzu yake zuwa ɗaukar babana ba.

Ba fatalwa ke hawa Tsohuwa ba. Kai ne, kuma ba abin kunya ka yi ba. Jikinka ya ji sanyi ya tuna aikinsa. Amma hanyar ta bi ta mahaɗar manyan motoci, kai kuma a lokacin ba ka tare da mu. Na riga na rasa uba ɗaya.

Ban ce ka yarda da ni ba, gani ya kori ji. Kai ma'aikacin maɗaba'a ne. Yau kafin ka kwanta ka shafa tawada a kan hon da kan matakan baya, da safe ka duba hannunka. Abin da ka gani, kai za ka yanke hukunci, ba ni ba, ba Yaya ba. Ka kuma bari ta kai ka wurin likita, yanzu akwai taimakon da ba a samu ba a zamanin Gwaggo.

Ɗiyarka mai ƙaunarka

*

Zuwa ga ɗiyata,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya gwargwado. Gwiwa ta yi sauƙi, wataƙila ta ga an samu wanda ya fi ta.

Na yi abin da kika ce. Ina da ragowar baƙar tawada a gwangwani tun ta wurin aiki, na shafa. Da hantsi na farka na ga babban yatsana na hagu baƙi ƙirin, tafin hannuna ma haka, har da shaida a kan matashi. Malama ta ce ta ji fitata, ta bi ni a baya har na dawo, ba ta hana ni ba don ta san gwaji nake yi. Na daɗe zaune ina kallon yatsan nan. Shekaru na yi ina ganin tawada a hannuna, ban taɓa ganin wadda ban san inda na samo ta ba.

Na kira Malama na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haba Baba, ya wuce." Mun je wurin likita, yarinya ce ƙarama, ta sa ni zana agogo. Na zana mata har da lambobin Rumawa don ta san da wa take magana. Ta ba ni magani, ta ce a riƙa dawowa.

Na je na ba telar nan haƙuri, a ƙafa, Malama na riƙe da ni. Mutuniyar kirki ce. Ta ce wallahi har ta fara sabawa, da hon ɗina take tashin yaranta makaranta.

Za ki ji ambulan ɗin nan da nauyi, makullin ne da igiyarsa. Ban ba Malama ba, don in yana cikin gidan nan zan nemo shi, na san kaina, ko kuwa in ce na san wancan mutumin na asuba, ya fi ni wayo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. An fitar da kujeru an shigar da Tsohuwa zaure, an lulluɓe ta da tsohon bargo. Yau da safe na ɗaga bargon na taɓa injin, sanyi ƙalau. Na ɗauka zan ji daɗi, sai na ji kamar na taɓa goshin mamaci.

Ki riƙa duba iskar tayarki, ki sa safar hannu. Ki riƙa rubuto mini ko da amsata ta fara zuwa a karkace, Malama za ta karanta mini. Ina so ki sani yau da hankalina na rubuta wannan, na kuma bi ta layi-layi ban ga kuskure ba.

Sanyin bana dai ya ƙi tafiya. Ki faɗa wa babanki gobe kada ya tsaya jirana a ƙofa da ƙafar nan tasa, ya nemi wanda zai kai shi, ni ba zan samu zuwa ba.

Naki,
Baffa